Yadda Muka Kai Ƙarar Ruwan Kanal Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban samu sakat ba. Ranar Talata in na baje yadina a kasuwar Mafara, mutum zai zo ya tsuguna, ya ja gaisuwa har ta kai kan awaki, ya shafa atamfa kamar mai niyyar saye, sai can ya rage murya ya ce, "Arzika, wai mi kunka gano can?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya tashi sai ya ƙara wa labarin gishirinsa. Shekaranjiya ma na ji wai Nasara sun ba ni babur. To ga yadda abin ya faru, wanda ya ga dama ya yarda.

Ƙauyenmu yana tsakanin Mafara da Bakura, kuma kanal ɗin da aka jawo daga dam ta bayan gidajenmu ya bi. Kafin ruwan ya iso mun riga mun ƙoshi da alkawari. An karɓi gonaki an baje su da katafila, mun yi damina muna kallon ƙasa ba shuka. Saboda haka ko sannu mutumin dam ya ce maka, sai ka juya ta ka duba bayanta. Da ruwan ya zo, ba ƙarya, an ji daɗinsa, mata suka huta da igiyar rijiya, yara suka koma kifaye. Ba a daɗe ba fitsarin jini ya cika gari. Tsargiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da can in yaro ɗaya ya yi ta, tsofaffi dariya suke yi su ce ya kusa zama namiji. Amma wannan karon har 'yan mata, har matan aure, har magidanta masu furfura. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Zargi ya faɗa kan Bulus, wani mutumin Zuru da aka ɗauka aikin buɗe ƙofar ruwa, aka ba shi gida a bakin kanal shi da iyalinsa. Kullum da sassafe shi kaɗai yake zuwa ya murɗa ƙarfen ƙofar. Wani ya ce ya gan shi yana zuba abu daga gwangwani. Bulus ya ce man shafa wa ƙarfe ne, ba wanda ya saurare shi. Magana ta bazu cewa maganin kashe zuriya aka ba shi, don in mun ƙare a gaje ƙasar. Samari suka fara tara kara za su cinna wa gidansa wuta. Maigari ya hana, amma da sharaɗi: a kai ruwan a auna, in an sami guba shi ya cire hannunsa, in ba a samu ba kowa ya mayar da wuƙarsa kube.

Sai aka tsaya kan inda za a kai. Gusau da Sakkwato an soke su tun a zaman farko, wai likitocin can tuwon gwamnatin da ta gina dam suke ci. Wani falke ya ce a Yamai akwai gidan da ake duba jini da ruwa, kuma ba ruwansu da rigimarmu. Aka zaɓe ni saboda ina zuwa Ƙonni sarin yadi, na san hanya. Amma da yake Bulus yakan sayi atamfar Kirsimati a wurina, har an taɓa ganinmu muna dariya, sai aka haɗa ni da Kawu Labbo, yayan mahaifiyata, mai kiwon shanu, wanda jikarsa ke kwance da ciwon. Aikinsa ya sa mini ido, bai kuma ɓoye ba.

"Kai ɗan ƙanwata na," in ji shi, "amma ɗan kasuwa na kai. Idona na bisa gare ka."

Ban ji haushi sosai ba, don ni ma a raina na fi karkata ga cewa Bulus ya san wani abu.

Dattawa da kansu suka ɗebi ruwan, da sassafe, daidai buɗe ƙofa, daga tsakiyar kanal inda ya fi gudu, don a kama gubar da ɗuminta. Suka tace shi da farin ƙyalle daga cikin kayana, wai ba a kai wa manya ruwa da datti. Aka ɗura a galan, baduku ya ɗinke bakin da jar fata kamar laya, don kada wani ya musanya a hanya.

Daga Mafara zuwa Sakkwato ba abin da ya faru, sai dai Kawu ya ƙi yarda a ɗora galan a saman mota, ya rungume shi a cinya. A Illela 'yan kwastan ɗinmu suka bar mu muka wuce, sun san fuskata. Matsala ta fara a ƙetare, wurin ma'aikatan kan iyakar Nijar da suke kira duwan. Wani dogo mai gashin baki ya ɗaga galan ya jijjiga, ya ce fetur ne muka ɓoye. Muka ce ruwa ne. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya ɗinke ruwa da fata ba, a kwance. Kawu ya dafa galan da hannu biyu ya ce sai dai a kwance shi. Ni na san in fatar nan ta buɗe, ko me muka dawo da shi za a ce an canja ruwan, don haka na yi ta ba da haƙuri. Daga ƙarshe mutumin ya ari basilla wurin wani mai gyaran takalmi, ya huda kafaɗar galan, ya ɗiga a dutse ya ƙyasta ashana. Ashana ta mutu. Ya ɗanɗana da harshe kafin mu hana shi, ya tofar, ya ce mutanen Nijeriya sai a hankali. Muka liƙe hujin da ƙaro. Kawu ya yi ta waiwayensa har muka yi nisa, yana jiran ya ga ya faɗi.

"Bai hwaɗi ba," na ce masa cikin harshensa don in tsokane shi.

"Guba mai hankali ba ta kada mutum gaban shaidu," in ji shi.

Daga Ƙonni muka shiga wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutane da buhunan albasa tare. Mun wuce Dogon Dutsi kaɗan sai ta yi zafi ta tsaya a fili, ba gari ba rijiya. Direba ya zuba ruwan da yake da shi bai isa ba, sai idon kowa ya dawo kan galan ɗinmu. Kawu ya tashi ya zauna a kansa. Aka fara zaginmu da Hausa da Zabarmanci, wai ga marowata. Abin da ya fi damuna wata mata ce mai goyo, ta matso ta ce don Allah ko kurɓi ɗaya ne a ba ɗanta. Sai na faɗi gaskiya, na ce ruwan guba ne. Nan take mutanen da ke matse da mu suka ja jiki, muka samu wurin miƙe ƙafa da ba mu samu ba tun safe. Da wata mota ta zo ta taimaka aka tashi, ba wanda ya sake yi mana magana. A Doso da aka tsaya cin abinci, na ga matar nan tana nuna mu ga wani jandarma, amma Allah ya sa hankalinsa na kan naman da yake ci.

A Yamai muka sauka gidan wani Alhaji Bazabarme da muke haɗuwa wurin sari. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ba mu zaure. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo mai tauri, Kawu ya juya shi ya ce wannan ai sai korar jaki. Da rana aka kawo dambu da zogale, ya sha mai da albasa, ni dai na ci na lashe hannu. Kawu kuwa sai ya jira yaran gidan sun ɗiba sun haɗiye kafin ya sa hannu. Na ji kunya ƙwarai, amma Alhaji ya yi kamar bai gani ba. Abin da na lura da shi a garin, mata ne riƙe da rabin kasuwa, suna ciniki da murya sama ba ruwansu, kuma gaisuwarsu gajera ce. Mutum zai ce maka fofo ya wuce, kai kana nan kana shirin tambayar gajiya.

Gidan binciken yana can wajen gulbi. Ranar farko mun isa bayan azahar muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe al'adarsu ce, ma'aikata su tashi da tsakar rana su je su kwanta sai wajen la'asar. Kawu bai yarda ba.

"Mi yas sa sunka ruhe daidai sa'adda munka iso? An riga mu zuwa, yaro. An buga musu waya."

Da aka buɗe, wanda ya saurare mu wani ma'aikaci ne mutumin Maraɗi, Malam Isiyaka, mai farar riga da tabarau. Shugabar wurin Baturiya ce, ta leƙo ta yi magana da Faransanci ta koma. Na kwashe labari na faɗa masa. Bai yi dariya ba, wannan ya sa na ɗan saki jiki. Ya sa Kawu ya yanke ɗinkin da hannunsa, ya tambayi lokacin da aka ɗebi ruwan, da wurin, da abin da aka yi masa. Da na ambaci tacewa sai ya cire tabarau ya goge ido.

"Malam, kun yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma kun je kamun ɓarawo ne tun ɓarawon bai fito ba. Abin da ke sa ciwon nan ba guba ba ce, halitta ce mai rai. Da rana tsaka take fitowa, a gefen ruwa inda ciyawa take, ba da asuba a tsakiya ba. Kuma ko da kun kamo ta, ba ta jure doguwar tafiya irin taku."

Duk da haka ya auna ruwan, bai sami komai ba. Kawu ya dube ni ya kaɗa kai, irin na ai na faɗa maka.

Sai Malam Isiyaka ya miƙo mini kwalba ya ce in kawo fitsarina. Na ce ni lafiyata ƙalau, tun da aka fara maganar nan ko kurɓin ruwan kanal ban yi ba, na rijiya nake sha. Ya tambaya ko ina shiga ruwan. Na ce nakan naɗe wando in ƙetare in zan tafi kasuwa, nakan yi alwala. Ya ce to kawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kawo. Ya tace, ya ɗiga a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya ce in leƙa da ido ɗaya. Na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar kankana, kowanne da ɗan tsini a gindi. Ya ce ƙwan tsutsa ne, uwayen suna cikin jijiyoyin marata. Nan da nan zuciyata ta ce mini ai da ma suna cikin madubin, kowa ya zo su ake nuna masa. Na faɗa masa haka a fili. Ya sa gilashi wanda ba komai, na leƙa, fari fat. Ban gamsu ba. Na fita na wanke ƙoƙon shan ruwan Kawu, na sake kawo wani fitsarin a ciki, na ɗiga da hannuna. Suna nan.

Ina tsammanin zai ji haushi, sai ya jawo mana benci. Ya ce wanda ya fara ganin ƙananan halittu a cikin ruwa ma ba likita ba ne, mai sayar da yadi ne kamar ni, a wata ƙasar Turai da ruwa ya yi wa yawa. Gilashin duba zaren yadi ya dinga gogewa yana ƙara masa ƙarfi, har ranar da ya ɗiga ruwa ya ga abubuwa suna iyo. Manyan masana suka ƙi yarda, sai da aka aiko dattawa suka leƙa da idonsu. Na ji wani irin daɗi da ban san dalilinsa ba, kamar an ce ɗan garinmu ne. Ya ambaci sunansa, harshena ya kasa riƙewa.

Ya ce ita kuwa tsutsar tsargiya, wani matashin likita Bajamushe ne ya fara ganinta a Masar, a cikin gawar waɗanda ciwon ya wahalar, kuma shi kansa bai yi tsawon rai ba, zazzaɓi ya ɗauke shi. Amma ta ina take shiga mutum? Aka shekara da shekaru ana gardama, wasu su ce ta baki, wasu su ce ta fata. Sai wasu likitocin Japan suka kai maruƙa gonar shinkafar da ke sa manoma ciwon. Wasu maruƙan aka ɗaure musu ƙafafu da abin da ruwa ba ya ratsawa aka bar su su sha. Wasu aka sa musu takunkumi ba sa sha, amma ƙafafunsu na cikin ruwa.

Kawu, wanda tun ɗazu yake kallon bango, ya juyo. "To waɗanne sunka kamu?"

"Masu takunkumi, Baba."

Kawu ya murza gemu. Ya tambayi ko maruƙan uwa ɗaya ne, ko an yaye su, ko an tabbata ba su lasar ƙafa. Malam Isiyaka ya amsa abin da ya sani, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Can Kawu ya ce, "Wanda yay yi wagga dabara ya san shanu." Tun da muka bar gida ban ji ya yabi wani ba sai ranar.

Daga nan aka kai mu wani ɗaki mai kwanonin ruwa cike da ƙananan katantanwa, irin waɗanda muke takawa a bakin kanal ba ma ko dubawa. Ya ce ga masaukin. Mai ciwo ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya fashe, abin ya shiga katantanwa ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya tarar. Wani ɗan Japan ne ya fara kama katantanwar da laifi, wani Bature ya tabbatar a Masar lokacin babban yaƙin duniya. Ya ce duk inda aka tare gulbi aka ja kanal, abin yakan biyo baya, su ma suna fama da shi a gonakinsu na shinkafa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya rubuta mana sunan maganin da za a nema wa mutanen gari, ya ce amma in an koma ruwa ciwo zai koma. Ya kuma ba ni ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya koya mini yadda zan nuna wa mutane.

A hanyar dawowa ba galan, amma ni nauyi na ji ya ƙaru. Tausayin Bulus ya kama ni, da tsoron abin da zan tarar.

Mun tarar da gidansa a tsaye, karan samari na jibge kusa da shi. Washegari na tsinto katantanwa masu yawa daga inda mata ke wanki, na zuba a farar kwalba da ruwan rijiya, na ajiye a rana a ƙofar maigari. Da rana ta take na ɗaga kwalbar, ga su nan, 'yan mitsi-mitsi, farare, suna wutsil-wutsil. Dattawa suka dinga karɓar gilashin ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tashi ya ba da labarin maruƙa tiryan-tiryan, ya ce shi bai yarda da Nasara ba har gobe, amma ya yarda da maruƙan nan. Wani daga baya ya ce an saye mu duka biyu. Kawu ya ɗaga sanda, aka riƙe shi.

Maigari ya ce alkawari kaya ne, ba a sami guba ba, a kwashe kara. Har na fara hamdala sai wani tsoho ya gyara murya.

"Mun gani, Arzika. Amma kahin kanal, babu katantanwa ga bayan gidajenmu. Wa ka buɗe musu ƙohwa kullum da sahe?"

A kan haka taro ya watse. An kwashe kara, ba a ƙona gidan ba. Amma daga ranar ba mai amsa gaisuwar Bulus, masu hura suka daina tsayawa ƙofarsa, mai nama ya ce ya ƙare ko da tire na cike. Bai yi wata biyu ba ya nemi a sauya masa wurin aiki.

Ranar da zai tafi Talata ce, ya biyo ta rumfata, matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna jiransa a bakin tasha da ƙullin kaya. Ya yi mini godiya, ya ce ya ji har Yamai na je saboda shi. Na ce ba saboda shi na je ba, na je ne in kawo shaidar da za a kama shi. Ya yi murmushi ya ce ya sani. Na ciro takardar sunan maganin ina faɗa masa, ko zai yi wa wani amfani a inda za shi. Sai ya ce in maimaita sunan a hankali, yana so ya riƙe.

Na ce, "Wa ke ciwon?"

Ya nuna tasha da haɓa. Ya ce 'yan matan biyun duka, tun kafin kowa a garinmu ya fara, don su suka fi kowa kusa da ruwan. Babbar har ta fara kumburin ciki.

Na ce, "Haba Bulus! Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ɗauki jakarsa ya rataya.

"Mai yadi, daga ƙofar maigari zuwa gidana ko carbi ba za ka gama ja ba. Kun je Yamai. Wa ya zo ya tambaye ni?"